Jana'izar Waƙoƙin Mama Zlata

Mahaifiyata Zlata ta shafe rayuwarta tana rigima da Ubangiji a rubuce, kuma duk unguwar Caulfield ta sani. Sauran matan majami'armu idan abu ya dame su sai su yi kukansu a bayan labulen da ya raba su da maza, su share hawaye, su koma gida su duba miya. Ita kuwa sai ta zauna a teburin kicin ta jera masa baitoci da Yidish, harshen da shi kaɗai ta tsira da shi daga Polan lokacin da ta iso Melbourne bayan yaƙin duniya na biyu. Shekarun da ta yi tana ɗinkin riguna a masaƙa ba su hana ta ba, mutuwar babanmu ma ba ta hana ta ba, sai dai ta ƙara mata abin faɗa.

Mu Yahudawa tun muna yara ake koya mana cewa ba a rubuta babban Sunan Ubangiji a cike, sai a sa 'yar alama a wuce, domin duk takardar da Sunan ya hau ta zama abin girmamawa. Ba a jefa ta a shara, ba a ƙona ta. Idan ta tsufa sai a kai ta akwatin da muke kira shemos a majami'a, daga can a kai ta maƙabarta a binne kamar mutum. Mama ta san wannan sarai, amma a cike take rubuta Sunan. Ta ce ita ba ta iya faɗa da mutum tana ce masa wane, idan za ka gaya wa mutum gaskiya ka kira shi da sunansa kada ya ce ba da shi ake ba.

Sai da haƙoranta suka koma kwana a kofi sannan ta yarda ta tattara waƙoƙin a littafi. Wani tsoho a unguwar Carlton ne ya buga mata, shi ne na ƙarshe a garin da ke da haruffanmu na dalma, kuma aikinta ne na ƙarshe da ya yi kafin ya rufe maɗaba'ar, 'yan gwangwan suka kwashe injin. Ta zaɓi bango baƙi wuluk, ba hoto ba ado, irin na littafin addu'a. Na ce mata ko ɗan fure a sa mana. Ta ce a'a, so take maza su ɗauka bisa kuskure, domin da saninsu dai ba za su taɓa karanta mace ba. Aka kawo kwalayen aka jibge a garejinta, rubutun hannunta ma yana ciki, suna jiran a wuce Idin Ƙetarewa a yi bikin fito da littafin.

Yanzu sai mijina Fishel. Mutumin kirki ne, na faɗa kafin in faɗi sauran. A nan aka haife shi, shi ke kula da majami'armu, ya haddace addu'o'i kamar ruwa, amma Yidish ɗinsa bai wuce zagin da ya koya a bakin Mama ba. Irin mutanen nan ne da idan sun ga hoto a karkace a gidan wani sai sun tashi sun gyara. Tsakaninsa da Mama akwai ladabi daga gefensa, daga gefenta kuma akwai sunan da ta laƙaba masa tun ranar da ya fara zuwa zance, wato Mai Tsarki.

Gabanin Idi kowa ya san halin da gidajenmu ke shiga. Da yake ba a barin abin yisti a gida lokacin Idin, ana bin burbushin burodi lungu-lungu kamar ana neman ɓarawo, a zazzage aljihu, a kakkaɓe littattafai, a ja firji. A wannan makon ne kuma majami'u ke kwashe abin da ya taru a akwatin shemos su kai maƙabarta. Fishel ya ga surukarsa ta tsufa, ya ce bari ya share mata gareji ba tare da ta sani ba, ya sha albarka. Ya tarar rufin yana yoyo, kwalin sama ya jiƙe. Ya buɗe, ya ga baƙin bango, ya ga haruffanmu waɗanda Yidish da addu'o'i duk da su ake rubutawa, ya buɗa shafi ya ga Sunan ɓaro-ɓaro a cike, ga gwangwanayen fenti a gefe, ga kashin ɓera. Ya ɗauka tsofaffin littattafan addu'a ne da babanmu ya bari ruwa ke cinyewa. Ya sumbaci littafin, ya loda kwalayen kaf a mota, ya kai majami'a, ya dawo gida yana jin daɗin kansa. Garin neman gira ke nan.

Ranar Lahadi da hantsi Mama ta kira ni a waya. Ba ta gaishe ni ba, ta ce an yi mata sata, kuma ɓarawon mai tsabta ne, har shara ya yi mata ya jera gwangwanaye. Ina jin haka na san gidan da ɓarawon yake kwana. Na kuma san inda yake a lokacin, domin da safe ya sa baƙar kwat ɗinsa ta ibadar Asabar ya ce sun tafi maƙabartar Springvale binne shemos tare da wata tsohuwar Attaura da ta daina karantuwa. Na gaya mata. Nan take ta ce in zo da mota.

Ni dai a hanya lissafi nake ta yi. Ba wani kwafi a duniya, ba rubutun hannu, ba maɗaba'a, ita kuma ba ta da sauran shekarun da za ta sake tuno baitocin nan ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙasa ta rufe ramin, shi ke nan, domin abin da aka binne da addu'a ba mai tone shi. Amma Mama ba ta bar wannan ya hana ta aikinta na kullum ba. Tun daga ƙofar gida har babban titi tana gyara mini tuƙi. Wai na cika gudu, na cika nawa, na bar babbar mota ta wuce ni kamar marainiya, ga hanya can da babanku yake bi. Jakarta tana kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu.

Mun tarar da su a can ƙarshen maƙabarta, bakin shinge. An haƙa rami mai faɗi, an riga an jera buhuna da kwalaye a ciki, an sauke Attaurar a cikin tulun yumɓu a tsakiya. Tsofaffin majami'armu sun zagaye ramin da huluna, ɗaya ya riga ya kama shebur. Malamin majami'armu, Rabbi Shternfeld, ɗan siririn mutum mai haƙuri da ciwon olsa, yana tsakiyar jawabi a kan yadda littafi ke da rai kamar ɗan Adam. Mama ta ratsa tsakiyar maza da sandarta kamar tana ratsa kasuwa, ta leƙa ramin, ta ga kwalayenta.

"Rabbi, gafara dai. Gawar nan tawa ce, kuma ba ta mutu ba."

Fishel ya yi tsuru-tsuru. Ya dube ni, na kau da kai, domin wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Ya fara bayanin yoyo da ɓera da Sunan da ya gani, Mama ta bar shi ya kai aya, sannan ta tambaye shi ko da ya tsinci jaririya a gareji ita ma binnewa zai yi saboda an sa mata suna mai kyau. Wani tsoho ya yi dariya ya mai da ita tari.

Rabbi ya sosa gemu. Ya ce abin ba shi da sauƙi kamar yadda take gani. An riga an sauke, an riga an fara addu'a, kuma idan har Sunan yana ciki a cike to kayan sun sami wurin da ya dace da su. Mama ta ce madalla, a rubuta mata hakan a bango, cewa Rabbi Shternfeld ya yanke hukunci waƙoƙin Zlata tsarkaka ne, sun cancanci kwanciya kafaɗa da kafaɗa da Attaura. Ta ce shekara da shekaru tana leƙen Attaura ta ramin labule, ba a taɓa barin ta ko taɓa rigarta ba, yau ga shi za a haɗa su ɗaki ɗaya. Rabbi ya ce shi bai ce tsarkaka ne ba. Ta ce to idan ba tsarkaka ba ne me suke yi a kabarin mutane, a fito mata da kayanta. Bawan Allah ya dafe cikinsa daidai inda olsar take.

Daga ƙarshe ya ce ba zai iya cewa komai a kan abin da bai gani ba, a miƙo masa ɗaya. Duk idanu suka koma kan Fishel. Haka mijina ya bi tsani ya sauka rami da kwat ɗin Asabar, yana taka-tsantsan kada ya taka buhu, yana ba littattafai haƙuri a hankali. Ya miƙo guda. Rabbi ya laluba aljihun ƙirji, ya laluba na wando, ashe ya bar tabaransa a mota. Ya nisanta littafin da fuskarsa iya tsawon hannunsa, bai ga komai ba, sai ya miƙa wa Mama ya ce ta karanta musu.

Nan dattijon da muke kira Reb Zalman ya ɗaga murya. Tsoho ne da ya fi kowa tsufa a wurin, kuma ya fi kowa son a bi doka daidai. Ya ce ina aka taɓa jin mace tana rera waƙa a gaban maza, a maƙabarta kuma. Rabbi ya ce karatu za ta yi ba rerawa ba.

"Kwantar da hankalinka, Zalman," in ji Mama. "Muryata ba ta ruɗi kowa ba tun ina da haƙora. Kai kuma kunnen da za a ruɗe ka da shi ma babu."

Ta rataya sandarta a hannuna, ta buɗe littafin, ta karanta da muryar da take kiran mai nama da ita:

"Ka yi kwana shida kana aiki, ka huta,
aka rubuta, har yau ana yabonka.
Ni ma na yi shidan, na dafa na bakwai tun jajibiri,
na kunna maka kyandir, na rufe idona.
Ka san me nake gani idan na rufe?
Tukwane.
Sauko ka ɗauraye ko guda ɗaya,
sai mu zauna mu yi zancen hutu."

A daidai inda Sunan yake, duk mazan suka riƙe numfashi suna jiran a yi saɓo, domin furta shi haramun ne a wurinmu. Ko ita ba ta furta shi ba. Sai ta tsaya ta nuna sama da haɓa, yadda ake nuna maƙwabcin da ba a ga-maciji da shi, ta ci gaba. Daga cikin rami na ji Fishel ya ce wani abu mai kama da neman gafara. Mai shebur kuwa kafaɗunsa sai rawa suke. Reb Zalman ya ce ai ga shi nan, wannan rashin kunya ce tsagwaronta, a fitar da littattafan daga kusa da Attaura. Wani ya ce a'a, rashin kunyar da ke ɗauke da Sunan gara a binne ta kowa ya huta. Suka kaure da gardama, kowa da ayarsa, kamar yadda mazanmu suka iya. Ni kuwa ina kallon shebur, raina ya ɓaci, domin na ga masu son a binne sun fi yawa.

Rabbi ya ɗaga hannu ya tambaye ta ko duk littafin haka yake. Ta ce a'a, akwai waɗanda suka fi wannan muni. Ya ce ta karanta waƙar farko, wadda ta buɗe littafin da ita. Na ga hannunta ya tsaya a kan bangon.

Na san wannan waƙar, ko da yake ba ta taɓa karanta mini ita da baki ba. Kakata Kreindel ita ce mai auna kaburbura a garinsu. Duk shekara gabanin Ranar Kaffara takan shiga maƙabarta da ƙullin zare, ta zagaye kaburbura tana kiran sunayen matattu, sannan ta murza zaren ya zama lagwanin kyandir da za a kunna a majami'a. Aikin mata ne, maza ba su san kansa ba. Jamusawa suka kwashe ta tare da mutanen garin a jirgin ƙasa, aka ƙone su a sansani, ba wanda ya sami kabari. Mama ce kaɗai ta tsira.

Ta karanta, wannan karon a hankali:

"Kreindel 'yar Dvora, mai auna kaburbura,
kin zagaye matattun garinmu da zare,
kin kira kowa da sunansa kada ya yi ƙorafi.
Ga ni na zo da nawa zaren, Inna.
Ta ina zan fara?
Hayaƙi ba shi da kusurwa.
Kai kuma, da ka ƙirga taurari ka raɗa wa kowanne suna,
ƙasar kwanciyar mace ɗaya ce ta gagare ka?"

Ba wanda ya yi tari. Rabin tsofaffin nan ba su da kabarin uwa da za su ziyarta, kuma ba abin da muke magana a kai ba ne, ko a gida. Reb Zalman ya zura wa takalminsa ido. Can ya ce, ba da kowa yake ba, a garinsu ma akwai irin matan nan, yana yaro yakan ga gwaggonsa tana tafiya da baya tana warware zare, su kuma suna yi mata dariya. Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi kamar hancin ne ya yi masa laifi.

Rabbi Shternfeld ya juyo ga jama'a. Sannan ya ce shi ga abin da ya sani: abin da ya tsufa ya daina karantuwa ake binnewa, waɗannan kuwa sababbi ne, yanzu ma aka karanta su kowa ya ji, saboda haka a fito da su. Mama ta tambaye shi, tsarkaka ne ko ba tsarkaka ba. Ya ce wannan ta tambayi wanda take faɗa da shi, tunda ya lura suna magana kai tsaye. Ya ƙara da roƙon ta, don girman Allah, ta daina ajiye su kusa da fenti.

Fishel ya shiga miƙo kwalaye, tsofaffi suna karɓa suna nishi, kwat ɗinsa ta koma kalar ƙasa. Har Reb Zalman ya karɓi guda, na kuma ga ya zare littafi ɗaya ya cusa a aljihun ciki yana kallon wani wuri. Ni dai daɗi ya kama ni. Na ɗauka an gama, na kama hannun Mama mu tafi.

Ba ta motsa ba. Ta sa aka buɗe kwalin nan da ya jiƙe, ta tona har ta sami littafin da ruwa ya fi ci, bangon ya kumbura, shafukan sun manne. Na farkon ne kawai ke buɗuwa, inda sunan kakata yake. Ta nuna wa Rabbi.

"Wannan fa? Ya daina karantuwa ko bai daina ba?"

Ya karɓa ya jujjuya, ya dube ta, ya ce ya daina. Ta miƙa wa Fishel da ke tsaye a rami har yanzu.

"Ungo, Mai Tsarki. Kwantar da ita kusa da Attaura. Ba can ba, jikin tulun. A hankali, uwata ce."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sumbata, ya ajiye. Wannan karon ya san abin da yake sumbata, kuma da ya hau tsani ya fito, fuskarsa sharkaf take da hawaye. Mama ta dube shi sama da ƙasa ta ce tun da ya auri 'yarta yau ne ya fara yin shirmen da ya yi amfani.

Aka zuba ƙasa, kowa ya yi shebur ɗinsa, aka yi addu'a. Da ramin ya cika sai ta buɗe jakarta. Tela ba ta rabuwa da zare, kullum akwai ƙullin fari a ciki tare da allura da alewar tari. Ta ba ni bakin zaren ta ce in durƙusa a kusurwa in danne, kada in saki ko me za a yi. Sannan ta fara tafiya da baya tana bin gefen kabarin, ba sanda, tana warwarewa, tana kiran sunaye. Ta kira uwarta, ta kira ƙannenta mata, ta kira wasu da ban taɓa ji ba. Mazan suka ja da baya suka ba ta hanya ba tare da an ce musu ba. Da ta iso kusa da Reb Zalman sai ya faɗi wani suna a hankali, ta maimaita shi ba ta ko ɗaga kai ba, ta wuce. Ta zagayo ta same ni, ta haɗa bakin zaren biyu, ta nemi tsinkewa da haƙori, ta tuna haƙoran ba nata ba ne, ta miƙo mini na tsinke.

Muka loda kwalaye a but ɗin mota da kujerar baya, Fishel ya ce zai biyo motar Rabbi. Mama ta zauna a gaba, ta naɗe zaren a yatsunta, da ɗan jan ƙasa a jikinsa, ta rufe shi da ɗaya hannun a kan cinyarta. A hanya na ɓata kwana, na bi ta inda babanmu ba ya bi, na bar manyan motoci suka yi ta wuce ni. Har muka isa gida ba ta ce mini komai a kan tuƙina ba.